Wanda Ya Fi Kowa Dariya a Taron Tsofaffin Abokai

Fim ɗin The World's End, wanda Edgar Wright ya ba da umarni, ya kuma fito a Birtaniya a watan Yulin 2013, ba irin wanda Bahaushe zai kunna a falo gaban iyalinsa ba ne. Labari ne na maza biyar 'yan shekara arba'in da ɗoriya da suka koma garin da suka tashi don su zagaye gidajen giya goma sha biyu a dare ɗaya. Akwai ashar, akwai maye, akwai dambe da kujeru. Mutane da yawa za su kashe shi kafin ya yi minti goma, ba kuma zan ga laifinsu ba. Duk da haka ina so in yi magana a kansa, domin ban taɓa ganin fim ɗin barkwanci da ya tona wulaƙancin da shaye-shaye ke jefa babban mutum a ciki kamarsa ba, ban kuma ga wanda ya matsa wa mai kallo da wannan tambayar kamarsa ba: mene ne haƙƙin tsohon aboki a kanka bayan shekara ashirin, idan shi ne rayuwa ta kayar, kai kuma ka tsaya da ƙafafunka?

Jagoran tafiyar shi ne Gary King, wanda Simon Pegg ya fito a matsayinsa. A ranar da suka gama sakandare a shekarar 1990, shi da abokansa huɗu sun ɗauri aniyar wannan zagaye a garinsu Newton Haven, suka kasa kaiwa gidaje uku na ƙarshe. Sauran huɗun kowa ya kama gabansa. Andy ya zama lauya, Oliver dillalin gidaje, Peter yana sayar da motoci a kamfanin mahaifinsa, Steven yana harkar gine-gine. Gary kuwa yana nan inda aka bar shi. Baƙar doguwar rigar da yake sawa yana ɗan shekara goma sha takwas ita ce a jikinsa. Motar da yake ja ita ce tsohuwar Ford ɗin da ya saya a hannun Peter tun suna yara, har yau kuma da sunan Peter take a takarda. Kaset ɗin da Steven ya naɗa masa a wancan zamanin yana cikin rediyon motar. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to Gary bai ma san an shiga bana ba.

Da ƙarya ya tara su. Ya ce wa kowa sauran sun riga sun amince. Andy, wanda ya fi kowa jin haushinsa, sai da ya ce masa mahaifiyarsa ta rasu sannan ya yarda ya zo, alhali tana raye. Fam ɗari shida da Andy ke binsa ya biya, daga baya aka gano wajen sauran ukun ya ranto, ɗari biyu-biyu. Duk wanda ya taɓa zama da ɗan'uwa ko aboki mai shaye-shaye ya san wannan salon ƙaryar, wadda ake yi da fara'a, ana dafa maka kafaɗa, har ka ji kunyar ka ƙi.

Akwai wani wuri da nake ganin shi ne zuciyar fim ɗin, ko da yake bai kai minti ɗaya ba. A gida na uku aka ƙi sayar musu da giya, saboda tun 1990 aka haramta wa Gary taka wurin. Abokan suka ce a wuce kawai, suka yi gaba. Gary ya tsaya shi kaɗai a waje. A kan wani tebur akwai tambulan uku da wasu suka sha suka bar saura. Ya dube su, ya waiga ya tabbatar ba mai kallonsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shanye. Mai kallo zai iya yin dariya, domin an shirya abin a yi dariya. Amma mutumin da ke shan ragowar bakin da bai sani ba a ɓoye, ba nishaɗi ya fito yi ba. Abokansa huɗu suna 'yan taku kaɗan a gabansa, ba wanda ya juyo. A gida na farko kuma, da Andy ya ce a ba shi ruwan famfo saboda ya shekara goma sha shida bai sha giya ba, Gary ya yi ta yi masa ba'a har ya gaji. Su kuma sauran suka ɗauki abin a matsayin halin Gary da aka saba. Ba wanda ya tambayi kansa me ya sa ganin ruwa a hannun aboki ya tayar masa da hankali haka.

Daga gida na huɗu labarin ya juya ya zama na ƙagaggen kimiyya. Gary ya yi faɗa da wani saurayi a banɗaki, kan saurayin ya cire, shuɗin ruwa ya kwarara maimakon jini. Ashe wasu halittu daga wata duniyar sun mamaye garin, sun maye gurbin kusan duk mutanensa da mutum-mutumi masu kama da su sak, masu ladabi, marasa rigima. Wannan ɓangaren yana da daɗin kallo, faɗace-faɗacen kuma an tsara su da gwaninta, amma ba shi ya kawo ni ba. Abin lura ɗaya ne: ko da ya bayyana cewa rayukansu na cikin haɗari, shawarar Gary ita ce a ci gaba da zagayen, wai don kada a gane sun gano. Kuma suka bi shi. Biyu daga cikinsu, Oliver da Peter, ba su fita garin da rai ba.

Sai a gida na goma sha biyu, suna kokawa, Andy ya ga bandeji a wuyan hannuwan Gary da abin hannu irin na majinyatan asibiti. Ashe taron da muka ga Gary yana ba da labarinsa a farkon fim ɗin, taron masu neman waraka ne, kuma ya yi yunƙurin kashe kansa kafin ya taho. Mutumin da ya kwana yana ba su dariya yana ba su haushi, da raunin a ƙarƙashin hannun rigarsa tun safe. Da Andy ya matsa masa a kan me ya sa kofi na ƙarshen ya dame shi haka, amsarsa ita ce ba shi da komai a duniya sai shi.

Wannan ba ƙirƙirar marubuta ba ce kawai. Simon Pegg, wanda ya rubuta fim ɗin tare da Wright, ya bayyana a wata hira da jaridar Guardian a 2018 cewa ya shafe shekaru yana fama da ciwon damuwa da shan barasa a ɓoye, har sai da aka kwantar da shi a cibiyar jinya, a daidai lokacin da sunansa ke ƙara tashi a Hollywood. Shekara biyar kenan bayan fitowar fim ɗin kafin ya faɗa da bakinsa. Miliyoyin mutane sun kalle shi yana shanye ragowar tambulan ɗin nan, suka yi dariya suka tashi.

A Birtaniya Gary ba baƙo ba ne. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na masu kashe kansu a Ingila da Wales maza ne, kuma shekaru da dama maza masu shekara arba'in da biyar zuwa arba'in da tara ne suka fi yawa a ciki. Mutanen da barasa ta kashe kai tsaye a Birtaniya sun haura 10,000 a 2022, kusan biyu cikin uku maza. A Janairun 2018 gwamnatin Theresa May ta ɗora wa minista Tracey Crouch alhakin yaƙi da kaɗaici, abin da ya ba mutane da yawa mamaki a lokacin. Ƙasa mai arziki, mai asibitin gwamnati kyauta, ta wayi gari tana neman wanda zai kula da mutanen da ba su da mai ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Fim ɗin ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan yadda garuruwa suka sauya. Da abokan suka shiga gida na farko suka tarar an gyara shi ya zama irin na manyan kamfanoni, da suka shiga na biyu suka tarar ba shi da bambanci da na farko ko a kujera. Hakan ya faru a zahiri. Bayan dokar 1989 da ta tilasta wa manyan masu yin giya sayar da dubban gidajen da suke riƙe da su, kamfanonin hada-hada suka kwashe da yawa. A shekarar 2000 akwai irin waɗannan gidaje sama da 60,000 a Birtaniya, kafin 2019 sun koma ƙasa da 50,000. Ni Musulmi ne, ba zan zubar da hawaye don an rufe gidan giya ba. Amma dole mutum ya fahimci cewa a ƙauyuka da unguwannin Ingila nan ne wurin da maza ke haɗuwa bayan aiki, nan ake sanin wanda ya rasa aiki da wanda matarsa ta rasu. Masifar ita ce wurin da ake samun abokan hira shi ne kuma wurin da ake sayar da abin da ke kashe su. In an rufe, mutum ya sayi kwalabensa a kanti da araha ya koma ɗaki ya sha shi kaɗai, ba ma wanda zai ce masa ya isa haka.

Wani abin sha'awa shi ne inda aka ɗauki fim ɗin. Newton Haven ba gari ba ne na gaske, an yi amfani da Letchworth da Welwyn Garden City ne a gundumar Hertfordshire, arewa da Landan. Letchworth an kafa shi a 1903 bisa tunanin Ebenezer Howard, wanda ya so a gina garuruwa masu lambuna da iska don ma'aikata su tsira daga cunkoson Landan. Kusan rabin ƙarni mazauna garin suna kaɗa ƙuri'a suna ƙin a buɗe gidan giya a tsakiyarsa. A 1907 suka buɗe wani wuri mai suna Skittles Inn, mai wasanni da ɗakin karatu da koko mai zafi, ba barasa ko ɗigo. Su ma Turawan, tun fiye da shekara ɗari, wasunsu sun gane cewa abin da namiji ke nema da yamma shi ne mutane, kuma ana iya raba mutanen da kwalba.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne ƙarshensa. A ƙarƙashin gida na goma sha biyu, muryar halittun nan ta yi wa Gary tayi: su ne suka kawo wa duniya ci gaban sadarwa, suna so su gyara ɗan Adam ya zama mai hankali, shi kuma za su mayar da shi saurayi har abada. Gary ya ƙi. Hujjarsa, wadda Andy da Steven suka mara wa baya, ita ce ɗan Adam yana da 'yancin ya yi shirme, ya lalata rayuwarsa in ya ga dama, ba mai gaya masa abin da zai yi. Halittun suka gaji da gardama suka tafi, garin ya ƙone, wutar lantarki da na'urori suka mutu a duk duniya. An shirya wurin ne mai kallo ya yi tafi.

Rabin hujjar na yarda da ita. Zaman lafiyar da ake samu ta hanyar kawar da duk wanda ya ƙi biyayya a maye gurbinsa da mai cewa to, ba zaman lafiya ba ne, kuma fim ɗin ya yi daidai da ya nuna cewa masu gyaran sun ƙare da share kusan garin gaba ɗaya. Amma ɗaya rabin, maganar da kowane ɗan maye ke yi ce idan an tsare shi: rayuwata ce, ina ruwanku. Kuma fim ɗin da kansa ya riga ya ƙaryata ta. Dalilin da ya sa Andy ya daina sha shi ne wata rana Gary ya sha ƙwaya ta fi ƙarfinsa, Andy ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti shi ma a buge, suka yi hatsari, Andy ya kusa mutuwa, Gary kuwa ya farfaɗo ya gudu ya bar shi a hannun 'yan sanda. Ina 'yancin Andy a nan? Ina na mahaifiyar da ke ta buga waya tana neman ɗanta, shi kuma yana yawo yana cewa ta mutu? Ina na Peter da Oliver? Ba mai lalata rayuwarsa shi kaɗai. Sannan ranar da wuta ta ɗauke a duk duniya, akwai jarirai a kwalba, akwai masu numfashi da na'ura. Fim ɗin ya wuce wannan da jimla ɗaya.

A ganina ba jawabin 'yanci ne ya ceci Gary ba. Andy ne. Akwai lokacin da hanyar tsira ta buɗe, ga mota, ga makulli, Gary kuma ya ruga zuwa gidajen da suka rage. Andy yana da kowane dalili na ya bar shi. Bai bar shi ba, ya ratsa cikin mutum-mutumin nan ya bi shi, ba don ya taya shi sha ba, don ya ƙwace kofin daga hannunsa. Da ya cim masa kuma bai yi masa wa'azi ba. Ya buɗe masa nasa cikin, ya gaya masa cewa shi ma da ake gani lauya mai kwat, matarsa ta tafi ta bar shi, yana ta faman ganin ya dawo da ita. Sai a lokacin mutanen biyu suka yi maganar yau, bayan sun kwana suna maganar 1990. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma su sai da duniya ta kusa tashi kafin ɗaya ya yarda ya yi kuka gaban ɗaya.

Na kuma yaba wa marubutan da ba su ce Gary ya warke sarai ba. A fitowarsa ta ƙarshe ruwa ya nema a sha, wanda babbar nasara ce ga irinsa. Amma waɗanda ke biye da shi su ne mutum-mutumin abokansa a siffarsu ta samartaka. Ya rabu da kwalba, bai rabu da bara ba, kuma ba ya tare da Andy. Haka abin yake a gaske, mutum yakan tsira daga abu ɗaya ya ci gaba da ɗingishi da wani.

Mu a ƙasar Hausa ba mu da al'adar zagayen gidajen giya, amma muna da Gary, kuma muna da taron tsofaffin abokai fiye da kowane lokaci. Kusan kowane aji na kowace sakandare yana da zaure a WhatsApp. Ana tara kuɗi, ana ɗinka anko, ana kama ɗakin taro bayan Sallah, ana tuna malamin lissafi mai bulala da wake da shinkafar ranar Juma'a. Ba na raina wannan, zumunci ne, kuma na ga inda irin waɗannan ƙungiyoyi suka biya kuɗin makarantar marayun abokansu. Amma a kowane aji akwai wanda ake kira da sunan barkwancinsa na makaranta har yau, wanda in ya shigo ake cewa ga shi nan, a yi ta dariya, a cusa masa dubu biyu a aljihu lokacin tashi. Kowa ya ga idanunsa, kowa ya ji yadda harshensa ke nauyi. Akwai kuma wanda ya daina zuwa gaba ɗaya saboda ba shi da mota ba shi da labarin da zai bayar, aka ce ai wane ba ya son mutane. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Muna maganar abin kamar na yara ne 'yan bakin kasuwa, alhali waɗanda suka fara tun suna samari yanzu wasunsu furfura ta fara fito musu, kuma da mu suka zauna a benci ɗaya.

Addini ya haramta maye, ya haramta kashe kai, ba mai jayayya a kan wannan. Addinin nan kuma shi ya wajabta duba mara lafiya da riƙe zumunci, kuma mutumin da ƙwaya ta kama mara lafiya ne ko da shi ya jawo wa kansa. Mu mun fi ƙwarewa a abu biyu: mu mai da shi abin dariya, ko mu yanke shi. Dukansu sun fi sauƙi a kan a zauna da shi a tambaye shi yaya yake kwana.

A Ingila wasu sun fara gwada wata hanya. A 2016, a garin Halifax, wani tsohon ɗan wasan zari-ruga mai suna Luke Ambler ya kafa ƙungiyar Andy's Man Club (ba ta da alaƙa da Andy na fim ɗin) bayan ƙanin matarsa ya kashe kansa yana ɗan shekara ashirin da uku. Tsarinta ba wuya: duk ranar Litinin da ƙarfe bakwai na yamma maza su haɗu a wani ɗaki, a sha shayi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, wanda bai shirya magana ba ya yi shiru ya saurara. Ba kuɗin shiga, ba barasa. Yanzu tana da rassa a garuruwa masu yawa a faɗin Birtaniya. Mu da muke da majalisa a ƙofar gida da teburin mai shayi a kowane lungu, wurin zaman ba shi ne matsalarmu ba. Abin da ake faɗa a wurin ne bai wuce siyasa da ƙwallo da farashin buhun masara ba.

Abin da nake so in gani daga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ƙarami ne. A cikin kuɗin da ake tarawa na walima a ware wani kaso na jinya. A zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon sirri, a ba su sunayen waɗanda suka yi shiru a zaure da waɗanda kowa ya san halin da suke ciki, su taka da ƙafa su same su a gida, ba a gaban jama'a ba, ba kuma da kyamarar waya ba. Wanda ke bukatar likita a raka shi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai a Kware ta jihar Sakkwato, akwai a Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Zai yi ƙarya, zai karɓi kuɗin magani ya sayi abin da ya saba, zai iya zagin wanda ya je. Sai a daina ba shi kuɗi a hannu a riƙa biyan asibitin kai tsaye, a kuma koma mako mai zuwa.